Amsoshin Masu Karatu: Auna Takardun Manhajar Bulokcen Kafin a Damƙa Su ga Wakilin AI

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga Saudiyya, kuma dukkansu a kan batun manhajojin da ke ɗauko wa wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato na'urar da ake bai wa aiki ta gudanar da shi da kanta, bayanai daga kundin bulokcen, wato kundin intanet da ake rubuta mu'amalolin kuɗin kirifto a cikinsa. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sashen ilimin kwamfuta a wata jami'a da ke Jidda. Aikin kammala karatuna shi ne in haɗa wakilin AI wanda zai riƙa bibiyar gudummawar da ke shiga asusun wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje da ta bayyana adireshinta na bulokcen a fili, ta yadda mai binciken kuɗi zai tambaye shi nawa ya shigo a wata kaza, nawa ya fita, shi kuma ya ɗauko amsa daga kundin. Na samu manhajoji uku da ke yin wannan haɗi, amma Duktur da ke duba aikina ya ce kada in zaɓi ko ɗaya sai na rubuta masa babi guda a kan ingancin takardun bayanin kowace. Na karanta su, duka ukun shafukansu tsaf suke, da misalai da hotuna. Da wane ma'auni zan bambance su? Daga ɗanku a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Duktur ya yi maka gata da ya tsayar da kai a wannan gaɓa, domin da yawa daga masu irin aikinka manhajar suke fara ɗauka, sai ta watsa musu ƙasa a ido sannan su koma neman abin da aka rubuta a kanta.

Da farko ina so ka gane cewa shafukan da ka karanta ba su ne wakilinka zai karanta ba. A tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa wakilin AI da manhajojin da yake aiki da su, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024 kuma wasu manyan kamfanoni suka karɓa daga baya, abin da ake miƙa wa ƙwaƙwalwar wakili game da kowane aiki na manhaja shi ne sunan aikin, da ɗan bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike tare da irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Hotuna da shafuka masu launi na mutumin da zai girka manhajar ne. Saboda haka ka kunna kowace daga cikin ukun, ka sa ta lissafo ayyukanta, ka kwafe ainihin rubutun da take bai wa wakili, ka ajiye shi gefe guda. Wannan rubutun ne zai ɗauki kaso mafi tsoka na babinka, kuma kada ka yi mamaki idan ka tarar manhajar da ta fi kowace kyawun shafi layi ɗaya tal ta rubuta wa wakili a kan aikin da ya fi muhimmanci a gare ka.

Ka ɗauki wakilin kamar ɗan aiken da ya sauka Jidda jiya, bai san Balad ba, bai san Bab Makka ba, takardar da ka rubuta masa ce kaɗai jagorarsa, ga shi kuma da wani hali na ƙin dawowa hannu rabbana. Duk inda takardar ta yi shiru, zato zai cike gurbin da shi, ya kawo maka abin da ya yi kama da saƙonka yana mai tabbatar maka cewa shi ne. Mai shirya manhaja idan ya ga lambar da ba ta yi masa daidai ba zai dakata ya bincika, shi kuwa wakili sau da yawa wucewa yake yi. Don haka ni ba na fara tambayar ko takarda ta yi daɗin karatu, ina fara neman wuraren da shirunta zai haifar da amsar ƙarya wadda ba wanda zai lura da ita.

Wuri na farko, wanda kuma ya fi ko'ina cin mutane, shi ne ma'aunin kuɗin. Kundin bulokcen ba ya ajiye lamba mai ɗigo, cikakkiyar lamba yake ajiyewa a mafi ƙanƙantar ma'auni, sannan kowane tokin, wato kowane nau'in kuɗin kirifto, yana da adadin guraben da za a matsar da ɗigo. Bitcoin na da 8, ether, kuɗin bulokcen ɗin Ethereum, na da 18, USDT kuwa, wanda ake daidaita ƙimarsa da dala, 6 ne a kan Ethereum da Tron, amma wanda ke yawo a kan sarƙar BNB 18 ne (kowane bulokcen mai zaman kansa sarƙa ake ce masa). Idan wani bawan Allah ya tura USDT 25 ta Tron, kwatankwacin riyal 93.75 a farashin 3.75 da aka ɗaure riyal da dala, abin da kundin zai nuna shi ne 25,000,000. Wakilin da ya zaci guraben 18 ne zai raba wannan lamba har ta zama kusan babu, ya ce maka ba abin da ya shigo. Idan kuma aka juya, aka tura 25 ɗin a kan sarƙar BNB shi kuwa ya zaci 6 ne, zai shelanta maka cewa ƙungiyar ta samu dala tiriliyan 25. Na biyun kowa zai yi dariya ya gane, na farkon ne abin tsoro, domin yana iya jawo a zargi mutanen kirki da cin amana. Takarda mai inganci za ta faɗa ƙarara, a cikin bayanin aikin da kansa, ko lambar da take dawowa da ita ɗanya ce ko an riga an matsar da ɗigon, kuma za ta haɗo adadin guraben a cikin amsa. Ka duba har da siffar lambar. Idan ka tambayi kwamfutar Ethereum kai tsaye nawa ne a asusun da ke da ether ɗaya cif, amsar da za ta ba ka ita ce 0xde0b6b3a7640000, wato ɗaya da sifiri 18 a rubutun lissafin tushe 16. Ƙwaƙwalwar AI na iya kuskure wajen mayar da irin wannan da ka, kuma harshen JavaScript, wanda ake rubuta manhajoji da yawa da shi, lambobinsa na yau da kullum ba sa riƙe cikakkiyar lamba daidai idan ta haura kusan 9 da sifiri 15 a bayanta. Manhajar da marubutanta suka san aikinsu za ta aiko da manyan lambobi a matsayin rubutu, ta kuma sanar da haka.

Daga nan sai batun sarƙa. Adireshin Tron da harafin T yake farawa kuma haruffa 34 ne, saboda haka ba a cika ruɗa shi da wani ba. Amma adireshi mai farawa da 0x, mai haruffa 42, iri ɗaya ne a Ethereum da BNB da Polygon da sauran danginsu, kuma abin da ke cikinsa a kowace sarƙa daban ne. Lambar sarƙa ce ke bambance su, Ethereum 1, BNB 56, Polygon 137. Ka duba ko gurbin sarƙa dole ne a cike shi, idan kuma ba dole ba ne, wace sarƙa manhajar ke komawa a kai idan an bar shi fayau. Na fi son manhajar da za ta ƙi amsawa har sai an faɗa mata sarƙar, a kan wadda za ta zaɓi Ethereum a ɓoye ta ce asusun babu komai alhali kuɗin na can wata sarƙar.

Akwai wani abu da ya shafi aikinka kai tsaye wanda nake so ka ba shi shafi guda a babin. Tokin irin USDT ba ya zama a cikin asusun mutum yadda ether ke zama, lissafinsa na cikin wani shiri ne da ake kira kwantiragi. Idan aka tura wa ƙungiyar USDT a kan Ethereum, ita mu'amalar za ta nuna an aika ta ne zuwa adireshin kwantiragin, adadin ether ɗin da ke cikinta kuma sifiri, ainihin mai karɓa da adadin kuwa suna cikin bayanan da kwantiragin ya fitar. Aikin da aka sa wa suna "duba abin da ke asusu" ko "lissafo mu'amaloli" ba tare da an fayyace ko ya haɗa da tokin ba, tarko ne. Haka kuma mu'amalar da ta gaza ita ma tana shiga kundin, an caji kuɗin aikinta, sai dai rasiɗinta na ɗauke da alamar 0 maimakon 1. Shin takardar ta faɗa ko tana tace waɗanda suka gaza? Sannan kowa na iya ƙirƙirar tokin ya raɗa masa suna USDT ya tura miliyoyinsa cikin asusun ƙungiyar, kuma 'yan damfara na yin haka, har suna aika mu'amalar da ba komai a cikinta daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na wanda aka saba hulɗa da shi, don mai gaggawa ya kwafo nasu. Adireshin kwantiragi ne kaɗai shaidar tokin na gaskiya. Idan manhajar na karɓar sunan tokin kawai, ko tana dawo da suna ba tare da adireshin kwantiragi ba, kuma takardarta ba ta yi gargaɗi ba, ka rubuta wannan da jan biro.

Batun tabbatar mu'amala ba zan tsawaita a kansa ba tunda lissafin wata kake yi, ba karɓar kuɗin ciniki nan take ba. Ya isa ka san cewa bulo na baya-bayan nan, wato rukunin mu'amalolin da aka ƙara wa kundin a ƙarshe, na iya sauyawa. A Bitcoin an saba jiran bulo shida, kimanin awa guda. A Ethereum, tun sauyin da aka yi a Satumba 2022, bulo na fitowa duk daƙiƙa 12 amma sai bayan kusan minti 13 yake zama wanda ba ya komawa, a Tron kuwa kusan minti ɗaya ne. Takardar ta faɗi wanne take karantowa, kuma amsarta ta zo da lambar bulon da aka tsaya a kai, domin duk wanda ya so ya maimaita binciken ya samu abin da ka samu.

Lokaci kuwa, a nan ne zaman da kake a Saudiyya ya ba ka abin gwaji da wanda ya rubuta manhajar a wata nahiya ba lallai ya yi tunaninsa ba. Kundin na ƙirga lokaci ne daga 1 ga Janairu 1970 a agogon duniya na UTC, Ethereum da daƙiƙa, Tron kuma da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ya sa lambar farko ke da alƙaluma 10, ta biyu 13. Wakilin da ya karanta daƙiƙa a matsayin ƙaramin ma'aunin zai ce maka an yi mu'amalar a Janairun 1970. Bayan wannan, agogon Jidda na gaban UTC da awa uku, saboda haka gudummawar da aka tura ƙarfe ɗaya na daren 1 ga wata a nan, a kundin ta faɗa cikin watan da ya gabata. Yanzu ka tambayi wakilinka nawa ya shigo a Ramadan na 1446. A Saudiyya an ɗauki azumin a ranar 1 ga Maris 2025, aka yi kwana 29, aka yi salla ranar 30. Idan kuma ka ce masa daren 27, daren da jama'a suka fi sakin hannu, to ya fara ne daga magaribar 26 ga Maris, ba daga sha biyun dare ba. Ba na sa ran takardar manhajar bulokcen ta san kalandar Ummul Ƙura, wato kalandar Hijira ta Saudiyya, wannan nauyinka ne a cikin umarnin da za ka rubuta wa wakilin. Abin da ke kanta shi ne ta faɗi agogon da take aiki da shi, da ma'aunin, da kuma ko ranar ƙarshe da aka ba ta tana cikin lissafi ko a waje. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne a ido, amma kwana guda cur yake ɗaukewa daga rahoto.

Sai yankewar amsa. Kusan babu mai ba da bayanan bulokcen da ke zubo maka tarihin asusu gaba ɗaya a kira ɗaya. TronGrid, mai ba da bayanan sarƙar Tron, alal misali, mu'amala 20 yake bayarwa idan ba ka faɗi adadi ba, iyakarsa kuma 200 a shafi, sannan ya ba ka alamar da za ka nemi shafi na gaba da ita. Wannan ba aibi ba ne, aibin shi ne manhajar da aka ɗora a kan irin wannan ta miƙa wa wakili shafin farko ba tare da ta ce masa da saura ba. Zai tara guda 20 ɗin ya ce maka jimillar shekara ke nan. Ka nemi jimlar da ke cewa amsa na iya zama guntuwa, da gurbin da ke nuna akwai ci gaba, da bayanin yadda za a nemo shi. Ɗan'uwan wannan matsala shi ne amsar da ta dawo wayam. Ko asusun ne babu komai, ko sarƙar ce manhajar ba ta ɗauke da ita, ko tarihin ya yi nisa fiye da abin da kwamfutarsu ke ajiyewa, ko an wuce adadin kiran da aka yarda a daƙiƙa har aka mayar da lambar kuskure ta 429? Huɗun nan ma'anarsu daban-daban ce, kuma manhajar da ke mayar da su duka zuwa jerin da ba komai a cikinsa tana koya wa wakili faɗin "babu" a inda ya kamata ya ce "ban samu dubawa ba". Ka jawo kurakuran da gangan, ka cire harafi ɗaya daga adireshi, ka ba da ranar da ba ta zo ba, ka rubuta sunan sarƙar da babu ita, ka karanta saƙon da zai fito. Saƙon kuskure ma takarda ne, hasali ma shi ne takardar da wakili ke karantawa a lokacin da ya fi buƙata, kuma mai kyau shi ne wanda ya faɗi gurbin da aka ɓata da yadda za a gyara.

Yadda za ka mayar da duk wannan ya zama babin da Duktur zai amince da shi shi ne gwaji. Ka shirya tambayoyin da ka riga ka san amsarsu ta wata hanya dabam, ta hanyar duba Etherscan ko Tronscan, shafukan intanet da ake kallon kundin Ethereum da na Tron a cikinsu, da idonka da kuma lissafi da hannu, ka tabbata a cikinsu akwai asusu mai mu'amaloli fiye da shafi ɗaya, da mai jabun tokin, da mu'amalar da ta gaza, da wadda ta faɗo a bakin wata. Ka ba wakilin manhaja ɗaya a lokaci guda, da ƙwaƙwalwa iri ɗaya da umarni iri ɗaya, kada ka taimaka masa da abin da ka sani. Ka maimaita kowace tambaya sau da dama, domin waɗannan ƙwaƙwalen ba sa bin hanya ɗaya kullum, kuma ka ajiye ba amsar ƙarshe kaɗai ba, har da kiran da ya yi da abin da ya cike a kowane gurbi. Sakamakon ka kasa shi uku, wanda ya dace, da wanda wakilin ya fito fili ya ce ya kasa, da wanda ya ba da amsar kuskure da cikakken yaƙini. Kada ka haɗa na biyu da na uku a kwando ɗaya da sunan faɗuwa. Manhajar da ta sa wakili ya ce ya kasa sau biyar ta fi mini wadda ta sa shi ya yi ƙarya sau ɗaya, tunda mai binciken kuɗi aka yi wa aikin.

Za a tambaye ka a ranar kare aiki ta yaya ka san laifin takarda ne ba na ƙwaƙwalwar ba. Amsar na cikin mataki ɗaya da nake ganin shi ne zai ɗaga darajar babin. A duk inda wakili ya faɗi, ka gyara bayanin aikin kaɗai, ka ƙara jimlar da ta ɓace, misali cewa lambar ɗanya ce a raba ta da adadin guraben da ke cikin amsa, kada ka taɓa komai bayan wannan, sannan ka sake gwajin. Idan ya dace, ka kama giɓin takarda da hujja a hannu. Idan bai dace ba, matsalar na wani wuri. Ka kuma gwada akasin haka, domin tsawon bayani ba shi ne inganci ba. Duk abin da aka rubuta a bayanin ayyuka yana cin wuri a cikin abin da ƙwaƙwalwar ke iya riƙewa, ana kuma biyan kuɗinsa, sannan manhaja mai ayyuka barkatai masu sunaye kusan iri ɗaya takan sa wakili ya ɗauki wanda ba shi ba. Bayanin da ya ce "yi amfani da wannan idan ether kake nema, idan tokin ne ka koma ga aiki kaza" ya fi sakin layi uku na yabon kai amfani.

Shafukan da aka rubuta wa mutum kuwa, ka ba su ɗan fili a ƙarshe. Ka kwafi misalan da ke ciki ka gudanar da su yadda suke ka ga ko suna aiki, ka duba ko akwai tarihin sauye-sauye mai kwanan wata, ko lambar fitowar da aka rubuta ta yi daidai da wadda ka girka, ko sun faɗi inda suke samo bayanan, kuma idan suna ba da ƙimar tokin da dala, farashin wane lokaci ne, na ranar mu'amala ko na yau. Yawan taurarin yabo da manhaja ta tara a GitHub, dandalin da ake ajiye manhajoji, kada ya shiga ma'auninka. Allah Ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai shirya manhaja ce a Madina, iyayena asalinsu mutanen Gadarif ne. Ƙanena na can tare da wasu matasa masu dafa wa 'yan gudun hijira abinci tun bayan ɓarkewar yaƙin Afrilun 2023, kuma wani ɓangare na taimakon da suke samu ta USDT yake zuwa. Na so in haɗa musu wakilin da zai riƙa fitar musu da lissafi. Manhajar da na samu, takardarta ta ce in zuba mabuɗin sirri na walet, wato asusun ajiyar kuɗin kirifto, a cikin fayil ɗin saiti kafin ta yi aiki. Hankalina bai kwanta ba. Haka ake yi?

AMSA: Malama, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Karanta kundin bulokcen ba ya buƙatar mabuɗin sirri ko kaɗan, adireshin asusu kaɗai ya wadatar, tunda kundin a buɗe yake ga kowa. Abin da manhajar karatu ke iya nema bisa ƙa'ida shi ne mabuɗin API, wanda kamfanin da ke ba da bayanan ke bayarwa don ya san mai kira ya kuma ƙirga kiransa, kuma idan ya faɗa hannun wani, sai a soke shi a karɓi sabo. Mabuɗin sirri na walet, ko kalmomin nan 12 ko 24 da ake rubutawa ranar buɗe shi, su ne kuɗin da kansu. Wanda ya riƙe su ya riƙe abincin mutanen nan, kuma abin da ya fita ba ya dawowa.

Mai yiwuwa manhajar ba ta 'yan damfara ba ce, wataƙila an haɗa mata ayyukan karatu da na tura kuɗi ne a wuri ɗaya. To amma takardar da ba ta raba su ba, ba ta ce ga yadda za a kunna karatu zalla ba, ta faɗi a ma'aunina tun kafin a je ga sauran. Tsarin MCP ya tanadi alamar da marubuci zai sa wa aiki don nuna cewa karatu kawai yake yi, ki duba ko sun sa, amma ki sani ita alamar da'awar marubucin ce, tsarin da kansa ya ce kada a dogara da ita idan ba a amince da tushen manhajar ba. Kariyar da ba ta da shakka ita ce kada mabuɗin ya kusanci kwamfutar da wakilin ke kai.

Dalilin tsananta wannan shi ne, wakili na karanta duk rubutun da ya shigo masa, kuma kundin bulokcen wuri ne da kowa ke iya rubutu a cikinsa da kuɗi ƙalilan. Mugu na iya ƙirƙirar tokin ya sa masa suna ko bayanin da a zahiri umarni ne, ya tura shi cikin asusun su ƙanenki, sai wakilin ya karanto shi a cikin lissafi ya ɗauke shi a matsayin abin da aka ce ya yi. Idan ba shi da ikon tura kuɗi, iyakar ɓarnar ita ce rahoto ya gurɓata. Ki duba ko takardar ta ambaci wannan haɗari, ko ta ware rubutun da ya fito daga kundin ta nuna cewa ba amintacce ba ne.

Akwai kuma sirrin mutane, wanda a halin da Sudan ke ciki ba ƙaramin al'amari ba ne. Kundin ba ya ɗauke da sunaye, amma ranar da kika rubuta wa wakili cewa adireshi kaza na wane ne a unguwa kaza, kin haɗa sunan da dukkan tarihin kuɗinsa, kuma wannan rubutu zai bi ta hannun kamfanin ƙwaƙwalwar, adireshin kuma ta hannun kamfanin bayanan. Takardar ta faɗi abin da suke ajiyewa da tsawon lokacin. Ke kuma ki bar jadawalin sunaye a wajen wakilin, ki ba shi lambobi a madadinsu. Ina kuma tunatar da ke, tunda a Madina kike, cewa taimaka musu da lissafi daban, tara gudummawa a nan daban. Hukumomin Saudiyya sun yi gargaɗi tun 2018 cewa ba su amince da kuɗaɗen kirifto ba, tara taimako kuma sai ta hanyoyin da aka ba izini, irin su dandalin Ihsan na cikin gida da cibiyar agaji ta Sarki Salman mai kula da na ƙasashen waje. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya saka wa matasan nan da alheri.

TAMBAYA: Malam, maimakon duk wannan wahala, me zai hana in kwafi takardun in bai wa wani AI ya ba su maki? Daga wani mai karatu a Makka.

AMSA: Ba abin da zai hana, ɗan'uwa, kuma yana da amfaninsa. Idan ka ba shi bayanin aiki ka ce ya lissafo duk abin da zai yi zato a kai da a ce shi ne zai yi kiran, yakan zaƙulo giɓin da idonka ya tsallake, kamar gurbin da ba a faɗi siffarsa ba, ko ayyuka biyu da bayaninsu ya yi karo. Wannan tambayar ta fi "ba shi maki cikin goma" nesa ba kusa ba, domin maki yakan karkata ga rubutu mai tsawo da santsi.

Inda ba zai iya ba shi ne sanin ko takardar gaskiya ta faɗa. Idan ta ce tana dawo da duk mu'amaloli alhali 200 na farko take kawowa, ko ta ce lokacinta da daƙiƙa ne alhali an sauya shi a fitowar baya ba a gyara rubutun ba, mai karanta takarda zalla, mutum ne ko na'ura, zai ba ta cikakken maki. Sai an kira manhajar an gwama amsarta da kundin ake ganin irin wannan. Saboda haka ka yi amfani da shi wajen tsara tambayoyin gwaji, amma amsoshin da za ka auna da su ka ɗauko su da kanka daga Etherscan ko Tronscan, ka rubuta lambar bulo da ranar da ka duba a gefen kowace.